Hannun da Ke Bayan Gilashi

"Karo na uku ke nan fa," in ji shi daga kan tsani, ko juyowa bai yi ba. "Karo na uku kina ɗaga mini ranar aure."

Tana tsaye a ƙasa riƙe da ƙafar tsanin, kamar yadda ta saba riƙe masa duk sa'ad da zai hau gyaran fitila a babban zauren gidan tarihi. Saura kwana huɗu a buɗe baje kolin zane-zanen mahaifinta, aikin shekara arba'in, zauren duk a hargitse da kwalaye da wayoyin wuta. Ta ce ya yi haƙuri a gama baje kolin tukuna. Ya tuna mata bara ma haka ta ce, wai a bari Baba ya ƙara jin ƙarfin jikinsa. Baba ya ji ƙarfi har ya yi kumatu, ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya sauko a hankali, ya tsaya gabanta yana goge hannu a jikin wando.

"Ki faɗa min gaskiya, rabin raina... ko kin daina sona ne?"

"Ka san ba haka ba ne."

"To mene ne? Na ce Baba ya biyo mu gidanmu, kin ƙi. Na ce ni in dawo kusa da ku, kin ƙi. Me ya rage in yi?"

Hawaye ne kawai suka zubo, ta sa bakin mayafi ta share. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya naɗe tsaninsa ya wuce ɗaya zauren.

Aikinsa ke nan a gidan tarihin, rataye zane da saita masa haske. Tun ranar da ya fara zuwa gaishe da mahaifinta tsohon ya laƙaba masa Mai Fitila, sunan ya bi shi har wurin aiki. Ita kuwa tana ɗakin gyara, inda ake wanke tsofaffin zane-zane a cike musu inda fenti ya ɓare. Tun tana 'yar mitsitsiya Baba ke kiranta Bahaguwa, don ya yi fama da ita ta riƙe burushi da hannun dama har ya gaji ya zuba mata ido.

Tana son Mai Fitila, so ba na wasa ba. Amma akwai abin da ba ta taɓa faɗa masa ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa wani mahaluki ba.

Shekara biyar ke nan da idon Baba ya tafi, wata bakwai kacal bayan rasuwar mahaifiyarta. Likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, babu gyara. Mutumin da ba ya iya wuni bai taɓa fenti ba ya kwanta ya juya wa duniya baya. Wata uku yana fuskantar bango, abinci sai ta yi kuka yake karɓar loma biyu. Ganin zai bi matarsa ya bar ta ita kaɗai, sai wata safiya ta jera masa fenti a kan tebur, fari a farko, baƙi a ƙarshe, ta kama hannunsa ta bi da shi a kansu ɗaya bayan ɗaya har ya haddace. Ta sa masa burushi a hannu ta fita.

Baba ya tashi. Ya ci, ya yi wanka, ya dawo da tsokanarsa. Bayan kwana shida ya kira ta, murya har rawa take don murna, ya ce ta zo ta ga kogi da jiragen ruwa.

Ta zo ta duba. Babu kogi, babu jirgi. Launuka ne suka hau kan juna suka dame, kamar taɓon bakin rijiya.

"Ya yi?" ya tambaye ta, ya ɗago fuska yana jira.

"Ya yi kyau, Baba."

Daga wannan kalmar komai ya faro. Abokansa suka ji labari suka ce za su zo gani. Ta ɗauki zanen ta kai ɗakin baya, wai ya bushe, da asuba ta tashi ta kulle ƙofa ta zana kogin a kansa, da jiragen, yadda ya kwatanta mata. Ta san salon mahaifinta kamar yunwar cikinta, a cinyarsa ta koya. Abokai suka zo suka riƙe baki, Baba yana zaune a tsakiyarsu yana ta dariya kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Tun daga nan ta kafa dokoki biyu. Duk zanen da ya ce ya gama, ɗakin baya zai wuce, ba taɓawa sai ya bushe. Daga ɗakin baya kuma sai wurin mai firam, a rufe shi da gilashi, wai saboda ƙura. Baba ya yi mita har ya gaji, don shi a rayuwarsa ya tsani gilashi a kan zane. Amma ta san abin da take gudu. Yatsun Baba sun zama idonsa. Da su yake gane yadin riga, da su yake gane ta rame ko ta yi ƙiba.

'Yan jarida suka yi ta rubutu, wai tsufa da makanta sun ƙara wa hannun tsohon laushi. Ita take karanta masa da yamma, yana cewa ta maimaita wurin laushin nan.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne zanen fuskar mahaifiyarta. Kwana goma sha tara Baba ya yi a kansa, ranar da ya gama ya kamo hannunta ya ce, "Zo ki gani, na dawo miki da uwarki." Ta tsaya tana kallon ƙyallen da ya yi zanen a kai, babu ido, babu baki, babu komai da za a kira fuska. Wannan kam ta kasa shafe shi. Ta naɗe shi a tsohon zanin gado ta tura bayan kabad, ta sayo sabon ƙyalle ta zana mahaifiyarta tana kuka. Shi ne yanzu aka rataye a tsakiyar zauren, shi ne kuma a jikin takardar gayyata.

To ta yaya za ta yi aure? Miji zai ga tashin asuba, zai ga ƙofa a kulle, zai ga fenti a farcenta. Mai Fitila kuma mutum ne da ƙarya ba ta zama a fuskarsa, ko kyauta ya ɓoye a aljihu sai kunnuwansa sun tona shi. In ya sani, Baba ya sani. In Baba ya sani, ta tabbata bango zai sake fuskanta.

Kwana biyu Mai Fitila bai neme ta ba, ko a wurin aiki suka haɗu sai gaisuwa. Ta ji dai Baba yana cewa yaron kirkin nan ya zo sun sha hira tana wurin aiki. A rana ta uku ya kira ta a waya, muryarsa wasai kamar ba shi ba.

"Sahibata, na huce. Gobe ki kawo Baba ƙarfe takwas, kafin a buɗe wa jama'a. Ina da kyauta."

"Wace iri?"

"In na faɗa ta tashi daga kyauta."

Ta yi dariya, karo na farko a makon. Ta ɗauka kujera ta musamman ya tanadar wa tsohon, ko wani abu mai kama da haka. Ranar ta yi barci da sanyin zuciya, ba ta san me ke jiranta ba.

Da safe ta goge wa Baba rigarsa mai ruwan toka, ta gyara masa wuya, ta fesa masa turare. A mota sai zolayarta yake, wai yau za a ga wanda ya fi kyau tsakanin shi da zane-zanensa. Mai gadi ya buɗe musu ƙofar gefe, ta riƙe hannunsa suka bi dogon baranda har zauren.

Tana shiga ta ji wani abu ya canza, ba ta gane ko mene ne ba sai da ta kalli bango. Fitilu na haskawa, amma babu zane ko ɗaya da ke ƙyalli. A can lungu ta hango gilasai jingine da bango, an sa bargo a tsakaninsu. Shugabar gidan tana tsaye tana murmushi, a gefenta ƙaramin tebur da kwanon ruwa da sabulu da tawul.

Ta ƙara damƙe hannun Baba.

Mai Fitila ya durƙusa ya gaishe da Baba, kunnuwansa har sun yi ja don zumuɗi. Ya ce ranar da suka yi hira Baba ya faɗi wata magana da ta hana shi sukuni: wai aikin shekara arba'in zai taru a ɗaki ɗaya, kowa a garin zai gani ban da mai shi. Shi ya sa ya yi kwana biyu yana bin shugaba da roƙo. A gidan nan ko numfashi ba a yarda a yi kusa da zane ba, balle taɓawa, amma an ba Baba awa ɗaya. Jiya da kansa ya kwance gilasan, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, yau za ka ga aikinka da hannunka."

Tsohon ya laluba ya dafa kan Mai Fitila ya sa masa albarka.

"Baba..." ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Fentin... kada ya lalace."

"Fentin shekara da shekaru ne bai bushe ba, Bahaguwa? Kai ni in wanke hannu."

Ita ta wanke masa hannun, ita ta goge masa da tawul, yatsa bayan yatsa, tana jan lokaci kamar hakan zai hana komai. Mai Fitila na kallonta yana jiran ta yi masa murmushin godiya. Ta kasa ɗaga ido.

Daga tsofaffin suka fara. Baba na ɗora yatsu sai ya faɗi sunan zanen tun ba a gaya masa ba. Wannan kasuwa ce, ya zana ta shekarar da aka haifi Bahaguwa. Wannan tashar jirgin ƙasa ce, ga inda burushi ya zubar da gashi ya bar shi a ciki don haushi. Yana tafe yana dariya, shugaba na dariya, har mai gadi ya leƙo. Ita kuwa tana binsu a baya tana ƙirga zanen da suka rage kafin a iso bangon ƙarshe.

Suka iso. Kogi da jiragen ruwa.

Yatsunsa suka sauka a kan ruwan, suka yi tafiya kaɗan, suka tsaya. Ya koma farko ya sake bi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa a hankali. Ya matsa na gaba da kansa yana lalube bango, ya shafa, ya wuce na gaba. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai jan takalminsa.

A gaban zanen matarsa ya sa hannu biyu. Ya bi goshi, ya bi kumatu, ya bi gefen baki. Ya daɗe a wurin.

"Bahaguwa."

"Na'am, Baba."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa na dama.

"Ba wannan ba."

Ya kama hannunta na hagu ya ɗora a kan kumatun mahaifiyarta, ya ja yatsanta a kan layin fentin. Ya ce shi burushinsa daga dama yake tasowa ya gangara hagu, shekara arba'in bai taɓa saɓawa ba, tudun fentin ma a gefe ɗaya yake taruwa. Wannan kuwa daga hagu ya taso. Mutum ɗaya ya sani a duniya da ke jan burushi haka, shi ya koya mata, shi ya yi fama da ita ta bari ta ƙi.

Shugaba ta ja jiki ta fita a hankali. Mai Fitila ya tsaya kamar an dasa shi, yana kallonta yana kallon bangon.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

"Tun na farko, Baba."

"Duka?"

"Duka goma sha ɗaya."

"Ni kuma me nake zanawa?"

Hawayenta suka ɗiga a kan hannunsa.

"Ki faɗa min. Ubanki ne ni, ba jariri ba."

"Ba a gane komai, Baba..."

Ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda likita ya gaya wa abin da ya riga ya zarga. Sai ya tambaya, da wata murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba, ko ita ma matarsa shafe ta aka yi. Ta durƙushe a gabansa ta riƙe ƙafarsa, ta ce nata ba ta iya shafewa ba, yana gida bayan kabad.

Baba ya juya inda yake jin numfashin Mai Fitila ya ce ya karɓi makulli ya je ya ɗauko.

Kafin ya dawo tsohon ya sa an kira shugaba. Ya ce a cire sunansa daga zane goma sha ɗayan nan a sa na 'yarsa. Shugaba ta fara kame-kame, ta ce an riga an buga takardu, baƙi na hanya. Ya ce to ta zaɓa, ko a gyara ko ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙa gaya wa duk mai shigowa da bakinsa. Da biro aka gyara su, a tsaye.

Mai Fitila ya dawo yana haki, rungume da abu a cikin zanin gado. Baba ya sa aka buga ƙusa a gefen wanda 'yarsa ta zana, aka rataye nasa babu firam. Ya shafa shi sau ɗaya, ya ce wannan kam hannunsa ne.

"Mai Fitila, kai ba ka iya ƙarya ba. Me kake gani?"

Mai Fitila ya dube ta. Ta rufe ido ta gyaɗa masa kai.

"Ruwan ƙasa ne da rawaya, Baba, sun cakuɗe."

"Ido fa?"

"Babu."

"Baki?"

"Babu, Baba. Sai dai shuɗi kaɗan daga sama."

"Ɗankwalinta ne," in ji tsohon. "Ashe ko shi na samu."

Nan kukan da take dannewa ya ƙwace mata. Ta ce ya yafe mata, tsoro ne ya sa ta, tsoron kada ya koma ya kwanta ya bar ta. Ya laluba ya ɗago ta ya share mata fuska da tafin hannunsa. Ya ce bai yi fushi ba, ya san so ne. Abu ɗaya ne ke masa ciwo: ta bar shi shekara biyar yana baje haƙora a gaban mutane, ana yabon hannun da ya riga ya mutu.

"Da kin bar ni na yi kukana tun a lokacin, da yanzu na gama."

Ƙarfe goma aka buɗe ƙofa. Jama'a suka cika zauren, suka yi cincirindo a gaban zanen mahaifiyarta suna karanta sabon sunan da aka rubuta da biro, suna neman a nuna musu mai zanen. Na gefensa kuwa kallo ɗaya suke masa su wuce, wata mata har tana tambaya ko ba a gama rataye na wurin ba ne. Baba na zaune a kujera a ƙarƙashinsa, ya ji ta sarai. Mai Fitila ya ɗauko tsani a tsakiyar taron, abin da ba a taɓa yi ba, ya hau ya juyo da fitila mafi kyau a zauren ya saita ta a kan ɗan shuɗin nan.

A baranda ya same ta daga baya, ta haɗa kai da bango.

"Ni na jawo, rabin raina. Wallahi faranta masa na so in yi... in faranta miki."

"Ba kai ba ne. Da na faɗa maka, da ba ka cire ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kunnuwanka," ta ce, tana kuka tana dariya.

Shi ma sai ya sa kuka, ƙato da shi, a gaban mai gadi.

Baba da kansa ya sa ranar auren, ya ce yanzu ai ba abin da zai riƙa tashinta da asuba. Aka yi biki bayan an rufe baje kolin da mako uku, ya zauna a gaba ya yi ta amsa gaisuwa. Bai koma ya fuskanci bango ba kamar yadda ta ji tsoro. Yana ci, yana wanka, yana tsokanar Mai Fitila. Da suka tare a sabon gida ya bi su ba musu, suka ba shi ɗakin da ya fi samun rana.

Ta jera masa fentinsa a kan tebur, fari a farko, baƙi a ƙarshe, ta kafa masa sabon ƙyalle. Ya yi godiya. Wata ya wuce, wani ya bi, bakin fentin ya bushe a rufe.

Ita kuwa jikinta ya riga ya saba, asuba na yi idonta ke buɗewa. Wata safiya ta zare jiki daga gefen mijinta ta fito, ta ga ƙofar ɗakin Baba a buɗe. Yana zaune a gaban farin ƙyallen, ya yi wanka ya sa riga, hannayensa biyu a kan gwiwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe numfashi, tana roƙon Allah a zuciyarta ya miƙa hannu ko sau ɗaya.

Ya ji ta. Bai juyo ba.

"Koma ki kwanta, Bahaguwa," ya ce a hankali. "Yau ma ban ɓata miki komai ba."